Akushin Surukai

Shekarar da aka koma tuƙi ta hannun dama, wata Asabar na goyo Baffana a sabon babur daga Kaduna, muka nufi Birnin Zariya neman auren Hadiza. Na sha wando mai buɗaɗɗiyar ƙafa, ina ji a raina duk cikin ganuwa babu wayayye kamata.

Baffa ya ce, "Kai dai zauna a zaure ka sunkuyar da kai. Maganar ta manya ce." Ya shige wurin mahaifinta.

Can sai aka kawo akushi aka ajiye: tuwon shinkafa da miyar taushe, man shanu na yawo a kai. Kowa ya san mai neman aure ba ya cin abinci a gidan surukai. Ni ma na sani. Amma na ce ai ni ɗan boko ne, loma ɗaya ba za ta hana aure ba.

Ina cikin suɗe akushin, hula a gefe, sai ga Baffa da Malam, mahaifin Hadiza. Ashe tuwon nasu ne su biyu. Baffa ya dinga salati kamar an yi rasuwa. Na durƙusa gaisuwa, hannu duk miya.

Malam ya daɗe yana leƙen akushin, sannan ya ce, "Alhaji, mun ba ku. Ko ba komai, girkin 'yata ba zai yi kwantai ba."

Yau har da jikoki, amma da na yi sallama a gidan, sai ƙannen Hadiza su ɗaga murya: "A ɓoye akushi, ango ya iso!"