Wayoyi Biyar a Ƙirjin Mijinyawa

Da asuba na tarar da Mijinyawa zaune a kan benci, bakin rumfar da muke ajiye amalankenmu a unguwar Boukoki. Hannuwansa na bisa gwiwa, ko ƙuda ba ya kora. Shekara goma sha ɗaya muna turin kaya tare zuwa kasuwar Wadata, ban taɓa riga shi ɗaure igiya ba sai ran nan.

Sati uku ke nan numfashinsa na sarƙewa in ya hau tudu da kaya. An ɗauki hoton ƙirji, ba a ga komai ba. Jiya da la'asar lokotoro, wato likita, ya manna masa wayoyi biyar a ƙirji, ya rataya masa wata 'yar na'ura a ƙugu. Ya ce za ta saurari zuciyarsa kwana ɗaya cur, ya je ya yi aikinsa yadda ya saba, ya maido ta a duba. Mijinyawa kuwa ya yi nasa tunanin: in na'urar ta ji zuciya na wahala, za a raba shi da amalanke, kuma bai iya wata sana'a ba. Sai ya yanke cewa ba zai motsa ba har la'asar.

Ana haka sai ga Kadi mai dambu, wadda kullum shi ke kai mata tukwane kasuwa. Ita Bazabarma ce, shi Bagobiri, don haka zagi tsakaninsu halal ne.

"Fofo, bawana. Ka kwana lafiya, ko ka mutu ba a gaya mini ba?"

"Lafiya lau," in ji shi a hankali. "Rage murya. Ana saurare."

"Wa ke saurare?"

Ya ɗaga riga kaɗan. Kadi ta ja da baya, ta dafe ƙirji.

"Innalillahi! An jona Bagobiri da lantarki. Cika ka ake yi kamar batirin mota?"

"Faɗi abin da kika ga dama. Yau ba na fushi. Fushi na sa zuciya gudu."

"Ba ka fushi?"

"Ko kaɗan."

Ta aje kwandonta, ta gyara ɗamara.

"Zanen fuskarka kamar inda kaji suka yi tono."

"Na gode."

"Kakana ya sayi kakanka da ƙwaryar zogale, ya dawo gida yana kuka an cuce shi."

"Allah ya jiƙansu baki ɗaya."

Amma na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Ya sunkuya ya raɗa wa na'urar, "Kada ki rubuta wannan. Ba ni ba ne, Bazabarma ce."

"Tun yaushe kake zaune haka kamar turmi?" in ji Kadi.

"Tun jiya. Ko tari ban yi ba. Atishawa biyu na haɗiye. Uwar yara ta soma ba ni labarin danginta, na ce ta adana sai jibi."

"To lokotoro zai duba ya ce ɗayan biyu ne: ko ka warke, ko buhun gero ya manna wa wayoyin."

Sai ya juyo gare ni. "Musa, kai da ba abin da ke tada maka hankali, zo mu manna maka su zuwa la'asar."

Na ce a'a, na ci gaba da duba tayata.

"Manna mini," in ji Kadi. "Lokotoro ya ce, albishirinka Malam Mijinyawa, zuciyarka garau take, sai dai ka haihu sau bakwai."

"Zuciyar Bazabarma? Na'urar ƙonewa za ta yi. Barkono ne zalla a ciki."

"To ga ragon Sumana mahauci can a ɗaure. Aske masa ƙirji kawai za mu yi."

Mijinyawa ya dubi ragon, ya daɗe yana dubansa. Wallahi tunani yake yi.

"A'a," ya ce. "Yau za a yanka shi, kuma ya sani. Ya fi ni fargaba."

"To, tukwanena ba za su kai kansu ba."

Ta jawo amalankensa, ta soma ɗora kaya da kanta. Na miƙe zan taimaka, ta harare ni, na koma na zauna.

"Ni zan tura," in ji ta. "In ratsa Wadata ina shela: jama'a, Gobir ta gaza, sarkinsu na zaune a Boukoki an ɗaure shi da waya."

"Ba haka ake ɗaure igiya ba."

"Haka muke ɗaurewa a ƙasarmu."

"Babbar tukunya tsakiya ake sa ta, bisa taya!"

"Mu a gefe muke sa ta, ta sha iska."

"Ku da ba ku san taya ba sai da muka zo garin nan!"

"Ka yi fushi?"

"Ban yi ba!" Tsawar har ta sa ragon Sumana ya zabura. Ya yi maza ya dafe na'urar da hannu biyu kamar mai toshe wa yaro kunne.

Kadi ta kama amalanken ta tura. Taki huɗu ya karkace, murfin tukunya ya faɗi ya gangara kwata. Mijinyawa ya rabu da benci, bai miƙe ba, bai zauna ba, ya tsaya a tsakani.

Ta ɗauko murfin, ta goge da gefen zane, ta zo gabansa. Wannan karon ita ce ta rage murya.

"Kai, Mijinyawa. Ka ruɗi na'ura, ita ta ruɗi lokotoro, ya ce ba ka da komai. Jibi ka faɗi a tudu, amalanke ya dawo ta kanka. To wa ka cuta? Ni wa zan zaga da safe?"

Ya ce, "In kuma ya ce in bar turi?"

"Sai ka zo ka wanke mini tukwane. Dama aikin gadonku ne."

Ya so ya haɗiye dariyar yadda ya haɗiye atishawa, ta ƙi. Ta fito masa ta hanci.

"Allah ya isa tsakanina da Zabarmawa," ya ce. Ya kwance ɗaurinta duka, ya mai da babbar tukunya tsakiya, ya ja igiya ya ƙulle.

Muka kama hanya, shi a gaba, ni a baya da nawa kayan. Kadi kullum taksi take shiga ta riga mu. Ran nan da ƙafa ta bi shi, tana gaya masa tafiyarsa kamar ta agwagwa mai ciwon baya.

A ɗan hawan da ke gaban gareji abin ya zo. Na ga kafaɗunsa sun tashi, bakinsa a buɗe, iska ba ta shiga. Kafin in aje nawa, Kadi ta riga ta cusa dutse ƙarƙashin tayarsa, ta zaunar da shi a bakin titi.

Da numfashin ya dawo, ya cire hula ya zaro wata takarda da guntun bik na rubutu daga ciki. Ashe lokotoro ya ba shi ya ce ya rubuta lokacin duk sa'ad da abin ya kama shi, shi kuwa ya ɓoye.

"Ƙarfe nawa?"

Kadi ta duba wayarta. "Bakwai saura goma."

"Ban yarda da agogon Bazabarma ba. Musa?"

Na ce bakwai saura goma.

Ya shimfiɗa takardar bisa gwiwa, ya rubuta.