Fukafukan Farfesa Ba-Jiƙa

Duk wanda ya san wurin koyon iyo na unguwarmu ya san shugabansa, Farfesa Ba-Jiƙa, Allah ya ƙara masa ilimi. Ya san ruwa ciki da bai, har ya wuce matakin shiga cikinsa. Usur a wuya, kwat a jiki, takalmi yana ƙyalli a bakin kwamin iyo.

Ranar Asabar da safe autanmu ya sha shayi a tsaye, ya ɓata riga, uwarsa ta yi faɗa. Da hantsi na ajiye shi wurin iyo, na wuce kasuwa. Kafin azahar manyan baƙi suka iso wurin iyon. Farfesa ya tura yara ruwa don a ga aiki, ya kira mai ceto ya riƙe masa allo mai hoton kifi, shi kuma ya juya wa kwamin baya.

"Ranku ya daɗe, ku dubi kifin shak! Fiffiken gadon bayan nan shi ke hana shi mirginawa. Na ƙirji su ke ɗaga shi. Wutsiya kuwa ita ce inji. Babu ƙashi ko ɗaya, guringuntsi ne zalla!"

Wata yarinya ta ja masa kwat. "Malam, Auta fa..."

"Ke, manya na magana! Ranku ya daɗe, saboda ƙarfin fukafukan nan, shak ba ya ja da baya. Haka nake ni ma."

Gaskiya ya faɗa. Sai da ya kai ƙarshen wutsiya sannan ya waiwaya. Ya tsaya a gaɓa yana busa usur, yana nuna wa ruwa yatsa. Mai ceto ya yar da allo ya faɗa ciki, amma ya makara.

Da Farfesa ya zo gaisuwar rasuwar Auta, bai bar mu cikin jahilci ba. "Baban Auta, matsalar ɗan Adam ke nan. Ba a halicce shi da fiffike ba." Sannan ya nemi wani abin tunawa da zai ƙawata ofis.

Littattafan yaron mun ba ɗan ƙanwata. Rigar shayin tana wurin uwarsa, ba ta wanke ba. Akwai kuma robar hurawa ta 'yan koyo, wadda Farfesa ya hana Auta sawa ran nan don kada baƙi su raina makaranta. Ita na aika masa, ko zai tuna cewa iya ruwa fid da kai.

Ya rataye ta a bango tsakanin takardun yabo. Har yau ba ta jiƙe ba.