Rasuwar Rigar Golan Scotland a Hannun Surukata

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da baki mai cike da maganar da tarbiyya ta hana ni furtawa, ni Abdulsalami Jumare na Moss Side a Manchester, ina sanar da 'yan uwa da abokan arziki na nan da na Birmingham rasuwar rigar ulu mai ruwan ƙwai, mai dogon wuya, wadda wani golan Scotland ya tsare wa ƙasarsa gida da ita a shekarun alif ɗari tara da hamsin. Ta rasu ranar jajiberin sunan 'yata Yelwa, a cikin bahon wankan gidana, bayan gajeruwar jinya. Ta bar duniya tana da shekara sittin da 'yan kai, kuma duk tsawon wannan rayuwa ruwa bai taɓa jikinta ba sai ranar da ya zama ajalinta. Na so in buɗe wannan sanarwa da abin da aka saba buɗe irinta da shi, sai limaminmu Malam Sunusi ya ce in ji tsoron Allah, riga ce. To, na ji, na fasa. Amma kukan da na yi a mota ba wanda ya isa ya hana ni shi.

Marigayiya ba tawa ba ce, amana ce, kuma nan ne abin yake ci mini rai. Mai ita wani dattijo ne ɗan Scotland, sunansa Alfred, maƙwabcina a Selly Oak lokacin da nake karatu a Birmingham. Mahaifinsa ne golan. Sau ɗaya tak aka kira shi ya tsare wa Scotland raga, aka zura masa ƙwallaye har Alfred ba ya son a tambaye shi adadinsu, daga nan ba a sake kiransa ba, ya koma aikinsa a tashar jirgin ruwa har ya mutu. A ɗakin Alfred na koyi sunayen tsofaffin 'yan wasan ƙasar nan tasu, mutanen da suka iya shiga gasa da kirari su dawo gida da wuri. Ni da na zo daga Zariya don in karanci aikin injiniya, sai ga ni ina bin kasuwannin gwanjo ranar Lahadi ina neman hoton mutumin da ya faɗi wasa tun kafin a haifi babana. Matata Raki ta ce asiri aka yi mini. Ban musa ba.

Da can marigayiya tana rataye ne a zauren wata ƙungiyar tsofaffi 'yan Scotland a Birmingham, inda suke taruwa su sha shayi su zagi alƙalan wasan da suka daɗe da mutuwa. Da aka shiga shekarun nan na tsuke bakin aljihu, tallafin da ake ba zauren ya tsaya, aka sa masa kwaɗo. Alfred ya kwaso ta ya kai filat ɗinsa, inda bango ke tsattsafar ruwa, hitar ɗumama ɗaki kuma sai an yi baƙo ake kunna ta. Da ya ga danshi zai cinye ta, sai ya hau jirgin ƙasa ya kawo mini ita har Manchester a cikin gilashinta, rungume a ƙirji. Ya ce da ni, da Turancin nan nasa da sai ka kasa kunne biyu kake tsintar rabi: "Yaro, gidanka da ɗumi. Ka yi mata duk abin da ka ga dama, ban da ruwa." Na ɗora hannu a ƙirji na ce masa ai mu mutanen amana ne. Wallahi har da ɗaga murya na faɗa.

Duk wanda ya san marigayiya zai shaide ta da haƙuri. Ba ta taɓa neman komai a wurina ba sai ƙusa ɗaya a bangon falo. Ba ta da surutu. Iyakar abin da na taɓa ji daga gare ta shi ne ɗan "ƙis-ƙis" da gilashinta ke yi idan babbar bas ta wuce ta titinmu. Darajarta kuwa duk a taɓon jikinta take, ƙasar filin wasan ranar nan ce ta bushe a kanta. Akwai na gwiwar hannun dama, wanda Alfred ya rantse daga ƙwallo ɗayar da mahaifinsa ya kama ne. Akwai na ƙirji, na wadda ya yi tsalle dominta ta wuce abinta. Akwai babba a gadon baya, na lokacin da ya kwanta yana kallon sama yana tunanin rayuwa. Duk zuwan da Alfred zai yi, sai ya tsaya gaban gilashin ya nuna mini su da yatsa ɗaya bayan ɗaya, kamar ban taɓa ji ba. Wannan taɓo shi ne abin da ya rage masa na ranar da mahaifinsa ya zama wani abu a duniya.

Ciwon ajali ya sauka ne a filin jirgin Manchester, sanye da mayafi biyu da rigar sanyi, ɗauke da daddawa da kanwa da ganyen darbejiya busasshe. Ina nufin surukata Inno, mahaifiyar Raki, wadda ta zo wankan jego. Allah ya ƙara mata lafiya, mace ce mai tsafta, mai zafin nama, ba ta iya ganin abu a zaune. Tun da ta shigo gidan nan tukunya ba ta sauka daga wuta ba. Ta wanke labule, ta wanke dardumar ƙofa, ta wanke tsumman da ake wanke abubuwa da shi. Ni kuwa, kamar kowane ɗan mutunci, ba na haɗa ido da ita, ba na cin abinci a gabanta, in ta shigo falo sai in tuna ina da aiki a waje. Saboda haka ban taɓa zama na yi mata bayanin abin da ke bango ba. Ta yaya ma zan fara? In durƙusa in ce, Inno, wannan dattin na Bature ne, kuma tsada gare shi?

Ashe tun ranar farko ta ga marigayiya, ta kuma yi mata fassara. A ganinta, ba namiji mai hankali da zai rataye riga mai dauɗa a tsakiyar falo, har ya sa mata gilashi don kowa ya gani, sai in saƙo yake aikawa. Wato ni, saboda kunya ta hana ni kai ƙara, na kafa rigar ne don in nuna mata 'yarta ba ta wanki. Habaici! Ni Abdulsalami, da ko tari ba na yi a gabanta. Ga kuma suna ya matso, mata za su cika gida daga Ardwick har Birmingham, kowace ta ga abin kunyar ɗiyarta a bango. Inno ta haɗiye abin a ranta, ta jira na tafi karɓo naman suna, ta ɗauko wuƙar yanka albasa ta kwance gilashin. Mutumin da ya haɗa gilashin nan ya ce mini ko ɓarawo sai ya sha wuya. Bai san Inno ba.

Wadda ta shaida abin ta ce marigayiya ba ta sha wahala sosai ba. An tsoma ta a ragowar ruwan jego yana tafasa, da ganyensa da komai. An ba ta sabulu, an ƙara da kanwa. Da taɓon gadon baya ya yi gardama, aka sake ɗora tukunya. An ji ta tana "facal, facal" na ɗan lokaci, sa'an nan "tsullum" da aka ɗauraye ta, aka murɗe ta mutum ɗaya ba taimako. Kalmarta ta ƙarshe a duniya, a ƙarƙashin dutsen guga, ita ce "tsssss". Wadda ta shaida ɗin kuwa Raki ce, wadda ta ce wai barci take yi, amma ta iya kawo mini labarin tiryan-tiryan har da kwaikwayon sauti. Shekara da shekaru tana cewa rigar nan tana sa falonta ya yi kama da shagon gwanjo. Ba na zargin kowa. Ina dai cewa mai barci ba ya dariya har ɗinkinsa ya motsa.

Na dawo da nama na tarar da Inno zaune a kan kujera, marigayiya a ninke a cinyarta. Jama'a, ulu da tafasasshen ruwa ba sa ga maciji. Rigar da ƙato mai faɗin kafaɗa ya cika, yanzu ko ɗan yaye sai an ja masa ita. Ruwan ƙwan ya koma kalar koko. Jan zakin tambarin Scotland da ke ƙirji ya zuba, ya kanannaɗe, ya zama kamar kyanwar da ruwan sama ya doka. Taɓo kuwa ko na magani babu, ya bi bututu ya tafi inda ruwan Manchester ke tafiya. Inno ta miƙo mini ita ba ta dube ni ba, ta ce: "Ga rigarka. A yi haƙuri da Raki, yarinta ce. In akwai wani abu nan gaba, a faɗa mini kawai, ba sai an rataye ba." Na durƙusa har ƙasa, na karɓa da hannu biyu, na ji bakina yana cewa: "An gode, Inno. Allah ya saka da alheri, Allah ya bar zumunci." Ta ce amin. Na fita na shiga mota na rufe gilashi.

Marigayiya ta rasu ta bar hular gola ɗaya mai baki, da safar hannu ta hagu wadda 'yar uwarta ta ɓace tun zamanin mulkin mallaka, da wani abin kaɗawa na katako da 'yan kallo ke cika wa mutane kunne da shi a da, da tarin katunan hotunan 'yan wasa masu gashin baki waɗanda ko jikokinsu sun manta da su. Dukansu suna da datti daidai gwargwado, don haka a ranar na kwashe su na kai su gudun hijira ɗakin wani ɗalibi, Salihu, a Ardwick, inda na tabbata ba abin da aka taɓa wankewa. Ta kuma bar gilashinta, wanda Inno ta goge tas ta sa hoton Raki na ranar kamu a ciki. Ya zauna daidai, abin haushin.

Ana karɓar gaisuwa, amma da sharaɗi. Kada wanda ya zo ya ce mini ai riga ce kawai. Malam Sunusi ya riga ya faɗa, ya isa. Kada a ce in nemi wata a intanet, don ba a sayar da uban mutum a can. Masu ba ni shawarar in je filin Platt Fields in shafo mata sabon taɓo, na gode, na yi wannan tunanin kafin ku, Alfred ya san kowane ɗigo da inda yake, kuma ko na shafa, wa zai mayar da ita girmanta? Sa'an nan don Allah kada a yi mini ta'aziyya a cikin gida, don Inno za ta tambaya wa ya rasu. A tare ni a bakin mota. Wanda ya shiga falo kuma aka nuna masa marigayiya, ya yaba wanki ya wuce, kamar yadda matan suna suka yi ta yi ina tsaye ina raba musu lemo.

Za a yi jana'iza ranar Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu. Za a taru a tashar Piccadilly da hantsi, a ɗauki gawa a jirgin ƙasa zuwa Birmingham, daga nan a hau bas ta Bristol Road zuwa Selly Oak, a miƙa ta ga mai ita. An riga an shirya ta: Inno ta turare ta da turaren wuta, ta naɗe ta a sabon ɗankwali. Alfred bai sani ba tukuna. Na buga masa waya da niyyar in faɗa, na ce ina tafe da rigar, kafin in ƙarasa ya hau murna, ya ce ya yi kewarta, zai kunna hita tun safe, zai kuma kira tsofaffi biyu da suka rage daga zauren nan su zo su gan ta. Na ce to, sai mun zo.

Sai jiya Raki ta ga abin ya girma, ta gaya wa Inno cewa rigar ta wani tsoho ce da ba shi da mata, ba shi da mai yi masa wanki. Tausayi ya kama Inno har ta yi ƙwalla. Ta daka masa yaji, ta ɗaure masa dambun nama, ta ce da ita za a tafi, ta miƙa masa rigarsa da hannunta, don kada bawan Allah ya wahala da aiko da godiya. Ba ta jin Turanci, shi ba ya jin Hausa. Ni ne tafinta. A sa ni a addu'a.