Ni da Surukar Oga Mutum Ɗaya Ne

Jiya na sha rana a layin sabunta lasisin tuƙi, har ƙeyata ta dahu. Motar hayar nan ita ce abincin gidana, kuma masu duba takardu sun rantse in suka ƙara ganina da mataccen lasisi, a ƙasa zan koma gida. Da layi ya zo kaina, sabuwar na'urar ofis ta yi tari, ta tofo min kati da sunan wata hajiya da hotonta, har da ɗan kunne. Na waiga, na bayana ma ita ce. Wani direban tifa, ƙato mai gemu, shi ma ita ce.

Da yamma na tare maƙwabcina da muke kira Kwamfuta, tunda da shi aka rubuta manhajar na'urar.

"Kawu, wallahi mun yi wa manyan ofis bayani," in ji shi. "Manhaja kamar ofis take. Ɓangare ba ya fita neman mataimaki, akwai mai rabo da ke miƙo masa. Amma sai an yi wa kowane mataimaki rajista wurin mai rabon, kuma hanya uku ce. Ko duk kira a kawo sabo. Ko kowane mai buƙata a ba shi nasa, yana gamawa a sallame shi. Ko ɗaya tal, ya zauna har a kashe na'ura."

"To, ga mai riƙe bayanan mutum, wacce ta dace?"

"Ta biyu mana! Ko ɗan koyo ya sani."

Ashe kwamiti aka kafa don kwatanta hanyoyin, a wani otal mai sanyi. Mai Girma Uban Sa-hannu, Ogan ofishin, wanda ya zo taron da jerin motoci, ya ce ta farko almubazzaranci ce. Ta biyu kuwa, yana jin "a sallame shi" ya ɓata rai. Da aka zo kan wanda ke zama ba ya tashi, sai fuska ta washe, ya ce wannan shi ne mai tarbiyya. Aka tafa. Ranar buɗewa surukarsa ce ta fara gwadawa, mataimakin ya riƙe bayananta gam, kowa ya zo su ake buga masa.

"Gyaran fa?"

"Layi ɗaya ne, Kawu. Amma sai kwamiti ya sake zama."

Da safen nan aka tare ni, na miƙa katin. Mai dubawa ya karanta sunan, ya dubi gashin bakina, ya ƙame ya sara min: "A sauka lafiya, Hajiya. A gaida Oga."

Don haka ina roƙon kwamiti, don girman Allah, kada ya yi gaggawa.