Masaukin Baƙon Dauro

A wani daji mai yawan tsamiya, ba a kiran ƙyanda da sunanta. Baƙon dauro ake cewa, kuma a hankali, kada ya ji ya yi fushi. Duk bazara yakan zo. In ya sauka a gida sai a share masa ɗaki, a hana yaro wanka, a rufe ƙofa a jira ya tafi. Wani lokaci ya tafi shi kaɗai, wani lokaci da ɗan rakiya.

Bara ɗan fari na wata gada mai suna Tasalla ne ya raka shi. Bana tana goyon 'ya mace, Ladingo, kuma an fara jin tari a ƙetaren rafi.

Da hantsi Beguwa ta iso da gorar magani naɗe a jiƙaƙƙen tsumma. Ƙayarta take tsomawa a ciki ta soki yaro a kafaɗa, shi ke nan baƙon ba ya sauka a kansa. Sai dai ta ce maganin ba ya son zafi: da inuwar tsamiya ta koma gindinta, ya zama ruwa. Majalisar daji ta ce kada a taɓa kowa sai ta zauna.

Kunkuru, shugaban majalisa, ya buɗe zama da gaisuwa. Ya gai da na dama, ya gai da na hagu, ya gai da waɗanda ba su samu zuwa ba. Tasalla na daga baya da sauran mata, idonta a kan inuwa.

Sannan Ungulu, Magajiyar Baƙi, ta gyara fiffike. "Jama'a, an san dajin nan da karamci. Kakanninmu ba su taɓa tare baƙo da ƙaya ba. Yau mu za mu fara? Me maƙwabta za su ce? Ni da nake zuwa kowane zaman makoki, ban taɓa jin iyaye sun zagi baƙon nan ba. Haƙuri suke yi. Kada a raba mu da haƙurinmu."

Gwaggon Biri ya ce wani ya gaya masa wani ya gani da idonsa: duk yaron da aka soka, ƙaya ke tsiro masa.

"Ranka ya daɗe, 'ya'yana na fara yi wa," in ji Beguwa.

"Kun ji ko? Ku je ku dubi 'ya'yan nata," in ji Gwaggon Biri.

Majalisa ta girgiza kai cikin alhini. Inuwa ta ƙara tsukewa.

Tasalla ta ratsa taron ta durƙusa. "Baba Kunkuru, tambaya gare ni."

"'Yar nan, ba a zo kan mata ba."

"Gajeriya ce, Baba. Na yarda baƙo ne. To baƙon gari ai raba masa masauki ake yi. Bara ni na sauke shi. Na share ɗaki, na hana ɗana wanka, ban kira sunansa ba ko sau ɗaya, idon yaron ya rufe da kwantsa ina ce masa sannu da baƙo. Na yi nawa. Bana gidan wa zai sauka? A faɗi sunan gidan yanzu, in taya su shara."

Gwaggon Biri ya ce rufinsa na yoyo. Kunkuru ya ce gidansa, kamar yadda kowa ke gani, mutum ɗaya yake ɗauka. Ungulu ta ce aikinta tarbar baƙi ne, ba saukarsu ba.

Tasalla ta miƙe, ta sauke Ladingo a gaban Beguwa. "Yaya, ga kafaɗar."

"Majalisa ba ta yanke hukunci ba," in ji Kunkuru.

"Ku yanke a tsanake, Baba. Ni inuwa nake kallo."

"In ta yi ƙaya fa?" Gwaggon Biri ya tambaya.

"In goya ta da ƙayarta. Na bara fatarsa sumul take na binne shi. Kuma ƙyanda ce, Kawu. Sunanta ƙyanda."

Ladingo ta yi kuka kaɗan, ta kama nono ta manta. Da Tasalla ta waiwaya, sai ta ga mata sun yi layi har bakin rafi, surukar Kunkuru ce ta farko, da jikokinsa. Beguwa ta gama da na ƙarshe tsumman bai bushe ba.

Da la'asar majalisa ta haramta allurar, da murya ɗaya.

Ladingo ta yi ɗan zazzaɓi ya wuce, ƙaya ba ta tsiro ba. Baƙon ya zo a kan lokacinsa, ya bi gida-gida bai samu shimfiɗa ba, ya wuce ba ɗan rakiya.

A bazarar nan Ungulu ta rame ƙwarai. Majalisa na nan tana zama a kan abin da ke damunta.