Ranar da Na Sallami Wanzaminmu

Lokacin da kuɗin mai suka shigo, na dawo Sheme daga Kaduna da reza mai ƙyalli da sabulun aski. Baba Wanzami, mai yi mani aski tun ranar sunana, ya zo da zabirarsa. Na ce, "Baba, huta, zamani ya zo."

Na tada kumfa, na kwashe sumata. Madubi ya yaba, amma bai ga ƙeya ba.

A masallacin Juma'a ina yin ruku'u hulata ta faɗi. Sahun baya suka ga gashi layi-layi kamar kunyoyin gona.

Ana sallamewa Baba ya miƙo mani hular, ya ce, "Huɗa ta yi kyau, yaushe shuka?"

Har yau damina na faɗuwa sai an tambaye ni. Su yi ta yi. Laifin hula ne, rezata ba ruwanta.