Mardiya da Igiyar Hawa na Biyar

"Ni fa, Inna, Alƙahira a tafin hannuna take. Kwana bakwai zan yi ni kaɗai, ba mai tarbata, ba mai raka ni, ko hanya ba zan tambaya ba!"

Haka Mardiya ta ce ranar da za ta bar Malumfashi, tana tsaye a tsakar gida da wata shirgegiyar jaka a baya. Kun dai san irin jakar nan ta Turawa masu yawon duniya, igiyoyi ko'ina, aljihu bisa aljihu. Mace baliga da digirinta, ta ɗauki kaya ta goya kamar ɗa. Ni ban ga tsari a ciki ba, amma an ce zamani ne. Har suna ta raɗa wa jakar, wai 'Yar Lele.

Uwarta, Inna Rahamatu, ta ce, "Ƙanwarki Hafsa fa tana can tana karatu. Ki kira ta ta tarbe ki mana."

"Hafsa? Wadda ko kasuwa sai da rakiya? Sai dai ta buɗe ƙofa ta gan ni. In har na buɗe baki na nemi taimakon wani mahaluki, na bar miki 'Yar Lele, ki ba kazarki ta yi ƙwai a ciki."

"Na karɓa," in ji Inna. "Dama wake-waken nan tana neman wurin kwanci."

To, abin da uwar iyayi ta manta shi ne, a wajenmu ba a zuwa garin da 'ya'yan mutane ke karatu a tafi haka nan. Kafin azahar labari ya zaga unguwa. Uwar Tanimu ta kawo man shanu cikin gwangwanin madara. Uwar Harun ta kawo busasshen kifi. Inna ta ɗora daddawa ƙulli huɗu, ta ce a damƙa wa Hafsa hannu da hannu. Ba a ƙin saƙo. Mardiya ta zare rabin tufafinta ta cusa. Yadda kayan nan suka wuce filin jirgi, Allah kaɗai ya sani.

Ta sauka lafiya, ta kama gado a wani masaukin matafiya, mata shida ɗaki ɗaya. Lokacin zafi ne. Man shanu ya narke ya bi ta kan kifi, kifi ya gaisa da daddawa, su ukun suka haɗa kai. Washegari da safe Turawan ɗakin duk suna baranda da kayansu. Mai kula da masaukin, wata Sulafa, ta zo ta toshe hanci da mayafi.

"Ma'alish, yi haƙuri 'yar'uwa, wani abu ne ya mutu a jakarki?"

"Kayan miya ne," in ji Mardiya, tana ɗaga hanci. "Ba ku san daɗi ba."

"Tamam, shi ke nan. Amma ko ke ko kayan miyan, ɗaya zai fita yau."

Ita da kayan miyan suka fita tare. Ta ce ai dama ta fi ƙarfin wurin. Bari ta fara kai wa Hafsa saƙo ta huta, gobe ta je ta ga dalar Fir'auna.

A jirgin ƙasa ta shiga taragon mata. Taragon nan maƙil, ba wurin sa ƙafa, amma tana shiga aka dare mata fili kamar za a yi dambe. Ta ciro waya ta ɗauki kanta, tana cewa, "Kun ga yadda ake girmama mace mai tafiya ita kaɗai?" Wata tsohuwa a gefe tana ta fifita da jarida tana salati.

Da ta sauka daga mota a Hayyin Ashir, inda ɗaliban namu suka fi yawa, sai kyanwoyi suka karɓe ta. Ɗaya, uku, goma sha. Mai cewa ba ta son rakiya, ga ta da zuga a baya suna kuka.

Adireshi kuwa ba ta da shi. Abin da ta riƙe kawai, ta taɓa jin Hafsa ta ce gidansu na kusa da masallaci da mai ruwan rake. A unguwar nan kowane layi da masallacinsa da mai ruwan rakensa, benaye kuma kamar uwa ɗaya ta haife su. Ta yi ta zagaye har la'asar. Sau biyu ta wuce 'yan Hausa suna hira, ta kau da kai ta yi kamar ba ta ji.

Can sai ta hango wani zani a shanye a baranda, shuɗi mai zanen mafici. Ankon bikin yayansu! Ta yi tsalle, kyanwoyi suka watse suka dawo. Ta taɓa ƙofar benen, a kulle. Tana nan tsaye sai ga kwando yana saukowa daga sama a bakin igiya, ya tsaya daidai hancinta.

Ku da ba ku sani ba, a can matan bene ba sa sauka sayen burodi ko tumatir. Kwando suke zurowa, mai shago ya zuba, ya girgiza igiya, su janye. Kowane jariri ya san wannan. Mardiya kuwa ta ce, "Allah sarki, Hafsa ta hango ni. Ka ga ƙasar da ta ci gaba, har kayan baƙo ake ɗauka ta sama." Jaka ta ƙi shiga kwando, sai ta ɗaure ta da igiyar tamau, ta girgiza. Wayarta da fasfonta duk suna aljihun 'Yar Lele.

Igiya ta miƙe. Aka ji nishi daga sama, aka ji ana "Yalla! Yalla!" Jaka ta tashi tana lilo, man shanu na ɗiga. Ta kai hawa na huɗu, inda zani yake. Ta wuce! Ta shige hawa na biyar. Wata dattijuwa, Ummu Isam, wadda ta aika a kawo mata burodi, ta leƙo da 'ya'yanta mata biyu da suka taya ta ja. Ta shaƙa sau ɗaya, ta ƙwala ihu, ta rufe taga garam.

Nan fa idon 'yar yawon duniya ya raina fata. Ba waya, ba fasfo, ba Larabci sai "tamam". Ta dafe kai ta kurma ihu da Hausa tsantsa:

"Wayyo Allah! Jama'a ku taimake ni! Hafsa! Hafsa, ki taimake ni!"

Tagogi suka buɗe dama da hagu, 'yan Kano, 'yan Maraɗi, 'yan Sakkwato. Daga hawa na huɗu Hafsa ta leƙo, waya a hannu.

"Yaya? Ashe ke ce! Yanzu na ga wani abu ya gifta ta barandata, na ce wannan ƙamshin daddawar Inna ne. Da kin yi shiru minti ɗaya, ai saukowa nake."

"Yi maza ki karɓo mini jakata! Kuma kada ki gaya wa Inna."

Hafsa ta juyo da fuskar wayar ƙasa. Ashe Inna ce a kai, ta kira tana tambayar ko saƙo ya iso. Muryarta ta sauko tun daga hawa na huɗu:

"Na ji da kunnena, har sau biyu. A wanke ta da kyau kafin a kawo."

Sai da Hafsa ta ba Ummu Isam haƙuri, ta sayo mata burodi, aka sako jaka. Dala kuwa Mardiya ta gani, amma Hafsa na riƙe da hannunta saboda tsallaka titi.

Yanzu 'Yar Lele na nan bayan ɗakin girki a Malumfashi. Duk baƙon da ya zo, sai Inna ta kai shi ya gani, ta nuna wake-wake da 'yan tsakinta tara, ta ce a gaban Mardiya:

"Kun ga wannan? Kwana ashirin da ɗaya ta yi a cikin jakar nan ita kaɗai, ba ta kira kowa ba."